Awon Fuskar Safiyo

Litinin, da hantsi

Yau mijina ya zo asibitina a matsayin majiyyaci, karo na farko tun da muka yi aure. Ya karɓi kati, ya zauna a layi tsakanin wata yarinya mai haƙoran zomo da uwarta. Sista, mai taimaka mini, ta leƙo tana danne dariya ta ce, "Likita, Yallaɓai fa yana waje, wai shi ma sai an kira lambarsa." Na ce a bar shi ya ɗanɗana abin da talakawa ke sha.

Kowa Safiyo yake ce masa, har 'yan'uwansa, saboda awon filaye da hanyoyi ne aikinsa. Ƙorafinsa wushirya. Mutum ya doshi hamsin, sai ga haƙoransa sun fara ba juna wuri, sama da ƙasa. In ya yi magana iska na fita da ɗan fito, Auta kuma ba ta raga masa: "Abba, wushirya fa ta 'yan mata ce." Da ya hau kujera ya ce, "Likita, a rufe mini ƙofar nan, sanyi na shiga."

Na yi masa abin da nake yi wa kowa. Mu masu daidaita haƙora ba da haƙori muke farawa ba, da fuska ne. Ana raba ta uku: daga gaban gashi zuwa tsakanin gira, daga nan zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa ƙarshen haɓa. Ukun su zo kusan ɗaya. Na sama ban wahalar da kaina ba, gashin ya daɗe da ja da baya. Shi da kansa ya ce, "Wannan an tuge turken iyakar." Na tsakiya milimita sittin da biyar. Na ƙasa tamanin da biyu.

Na sake aunawa. Ya ce, "Mai awo na gaske sau uku yake yi." Na yi na uku. Tamanin da biyu.

Na ce ya cije. Haƙoran ƙasa suka zauna a gaban na sama. Na ɗauki hotunansa gaba da gefe, na tura shi ɗakin hoton ƙashi.

Shekara ashirin ina kallon fuskar nan a kan teburin cin abinci. Ban taɓa ɗora mata rula ba.

Litinin, bayan la'asar

Na tsara masa aiki mai kyau. Waya a haƙora shekara biyu, sannan tiyata a ja muƙamuƙin ƙasa baya. Har na yi tunanin in nuna wa ɗalibaina, don ba kullum ake samun irin wannan a babban mutum ba. Na dawo gida cikin nishaɗi, na sayo kankana.

Talata, da rana

Hoton gefen kai ya fito. Na ɗora shi a kan akwatin haske, na shimfiɗa takarda mai shara-shara, na fiƙe fensir.

Akwai wani ɗan rami a ƙashin da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai, siffarsa kamar sirdi. A tsakiyarsa muke saka ɗigo na farko, duk sauran layuka daga nan suke tashi, zuwa hanci, zuwa haɓa, zuwa haƙora. Mun zaɓe shi ne don ba ya motsi. Fuska ta girma, ta karkace, ta yi abin da ta ga dama, sirdi yana nan. Na saka wannan ɗigon a kan dubban kawuna, hannuna ya san hanya ko ina hira.

Yau fensir ya tsaya a sama. Ban ga tsakiya ba. Ramin da ya kamata ya ɗauki ƙwayar wake ya buɗe, kamar an danna babban yatsa a ɗanyen siminti.

Na ce wa Sista injin ya yi shirme. Ta ce ita ma ta yi zaton haka, shi ya sa jiya ta ɗauka sau biyu. Ta kawo na biyun. Injin lafiyarsa ƙalau.

A cikin sirdin wata 'yar tsoka ce ke zaune, ita ke ba jiki umarnin girma. In ta kumbura, sai ta ci gaba da ba da umarni ga mutumin da ya gama girma tuntuni. Daidai samanta jijiyoyin ido biyu suke gittawa. Wannan karatun aji uku ne. Na ci jarrabawarsa da maki mai kyau.

Na yaga tsarin jiya. Kankanar na nan a firij.

Talata, da yamma

Ya ci abinci sosai. Ni hannuwansa na yi ta kallo.

Laraba, da safe

Bara sai da maƙeri ya yanke masa zoben azurfarsa, muka yi dariya, na ce girkina ne. Takalmansa ya rabar, wai masu yin takalma na yanzu ba su san lamba ba. Hulunansa ma haka. Munsharin da ya kore ni zuwa ɗakin Auta, na ɗora wa gajiya. Motar kuwa duk gefenta biyu a kankare suke, ya ce maginin da ya yi mana get ɓarawon fili ne, ya matse shi. Get ɗin nan shi ya auna shi da hannunsa.

Na sauko da hoton aurenmu daga bangon falo. Yana tsaye, ina gefensa na hagu, mu biyu kamar an tsare mu a kan laifi. Hoto ba ya ba da awo kai tsaye, amma akwai dabara: tazarar da ke tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido ba ta canzawa a baligi. In ka san ta, ka san komai a hoton. Na lissafa. Sulusin ƙasa na angon nan sittin da bakwai ne.

Auta ta same ni da rula a kan fuskar ubanta. Ta ce, "Mama, ko shi ma za a mayar da shi ne, bai cika awo ba?" Na ce ta tafi makaranta.

Alhamis, da azahar

Na kai hoton wurin Dogo. Ajinmu ɗaya a jami'a, shi ya tafi ɓangaren tiyatar ƙwaƙwalwa, har yau yana kirana 'Yar Waya. Ya ɗaga hoton a taga.

"Majiyyacin wa?"

"Nawa."

"Ya aka yi mai gyaran haƙori ta kama wannan? Ku da ba kwa ganin komai sama da leɓe."

"Tsautsayi."

Sai idonsa ya kai kan sunan da ke kusurwar hoton. Ya ajiye shi a hankali kamar zai fashe. Ya daina ce mini 'Yar Waya, ya koma kiran sunana, abin da ya fi komai ba ni tsoro.

Ya faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta ba. Ya ce galibi ba mai yaɗuwa ba ne, ana cirewa. Ya tambayi ko yana karo da abubuwa ta gefe. Na ba shi labarin maginin get. Bai yi dariya ba. Ya ce a kawo shi makon nan, hoton ƙwaƙwalwa da gwajin ido. "Ƙashi zai jira mu. Jijiyar ido ba ta jira. In ta mutu, ta mutu."

Juma'a, da yamma

Na ce wa Safiyo akwai wani hoto da ake buƙata kafin a sa waya. Ya ce sai ya dawo, ranar Litinin zai fita daji, awon sabuwar hanya, mako uku. Na ce hoton ba ya ɗaukar lokaci. Ya ce, "Likita, haƙori ne fa, ba gobara ba."

Ni da nake gaya wa iyaye a fuska cewa sai an cire wa 'yarsu lafiyayyun haƙora huɗu, ko gezau. Na ce masa to.

Asabar, da rana

Yaya ta zo, babbar yayarsa, wadda ta goya shi kuma ba ta bari a manta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Masha Allah, ƙanena ya cika ya batse! Dubi haɓa, dubi faɗin fuska, sak Baba. Ga wushirya kuma a tsufa. Likita, kin iya kiwo."

Na san Baba. Haɓarsa ƙarama ce, a ja da baya, irin wadda nake gyarawa. Na ce na gode, Yaya.

Na kawo shayi. Da gangan na tsaya ta hagunsa na miƙa kofin, ban yi magana ba. Yana ta ba Yaya labarin hanyar da za su auna. Hannuna a miƙe, tururi na tashi dab da kunnensa. Na matso da kofin gaba kaɗan. Kaɗan kuma. Sai da ya kusa zuwa saitin hancinsa ya zabura.

Yaya ta ce, "Kai, matarka ta tsaya da kofi tun ɗazu, sarauta aka ba ka?"

Suka yi dariya. Ni ma na yi. Ina da haƙoran yin ta.

Lahadi, bayan azahar

Na gaya masa. A ɗaki, yana haɗa kayan daji, takalman roba a hannunsa. Na faɗa dalla-dalla kamar a aji: sirdi, tsoka, jijiya, Dogo.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wato kin ɗauki kaina kin kai wa wani ƙato, ban sani ba."

"Hoton kanka."

"Na zo a rufe mini wushirya, an koma za a fasa mini kai. Ke dai sana'arki ke nan. Duk wanda kika kalla sai kin ga karkata. Liman ma kin ce haɓarsa ta zarce."

"Ta zarce ɗin."

"To shi ma a fasa masa."

Na ce jiya bai ga kofi ba. Ya ce hankalinsa na kan magana. Na ce motar fa. Ya ce get. Na ce zobe. Ya ce, "Girkinki, ke kika faɗa." Ya riƙe duk abin da na taɓa faɗa, ya jera mini su kamar shaidu.

Daga baya, yana ɗaure jaka, bai kalle ni ba, ya ce, "Baba da ƙafarsa ya shiga asibiti, gawarsa aka fito da ita." Na ce na sani. Ya ce in ya dawo za a duba. Na roƙe shi ko direba ya ɗauka. Ya ce shi ba tsoho ba ne.

Litinin, da sassafe

Ya tafi. Shi ya tuƙa. Na ji ƙarar gefen motar a jikin get.

Laraba, da hantsi

Wata Hajiya ta kawo 'yarta, an gama mata aiki, haƙora sun jeru kamar an zana. Hajiya ta ce ita dai ta lura tsakiyar haƙoran ba ta yi daidai da tsakiyar hanci ba. Na auna. Milimita ɗaya da rabi. Na ce ba mai gani sai wanda ya zo da rula. Ta ce ai ita ta gani. Ta ce yarinya mace ce, fuska ita ce komai.

Na ce gaskiya ne, Hajiya. Na ba su wata ranar.

Ɗalibai sun zo da rana. Na koya musu raba fuska uku a tsaye, biyar a kwance, kowane kashi faɗin ido ɗaya. Wata mai ƙwazo ta tambaya me ya sa daga sirdi ake fara awo. Na ce saboda ba ya motsi. Ta rubuta. Duk suka rubuta.

Juma'a, da yamma

Safiyo ya kira. Muryar ta ƙara kauri, ko kunnena ne ya koyi awo. Yana ta faɗa da na'urarsu mai ƙafa uku, wai ta lalace, za a aika a gyara. Mai riƙe masa sandar awo kuma ya zama aljani, yanzu yana nan, yanzu ya ɓace, sai ya waiga gaba ɗaya ya same shi tsaye inda ya bar shi.

Na ce ta wane gefe yake ɓacewa. Ya ce, "Likita, na kira in gaishe ki ne."

Asabar, da rana

Dogo ya aiko saƙo: "Yaushe?" Ban amsa ba.

Lahadi, da la'asar

Na jefar da kankanar.

Talata, da safe

Auta ta daina tsokana. Ta ga hoton aure bai koma bango ba. Tana wanke kofi ta ce, "Mama, Abba ba shi da lafiya ko?" Na ce haƙoransa ne. Ta ce, "Ke ba kya rasa barci a kan haƙori." Shekararta sha biyar. Fuskarta daidai take ta kowane gefe, na auna tun tana shekara bakwai. Ita na auna.

Alhamis, da azahar

An dawo da shi. Abokin aikinsa ne ya tuƙo, a wata motar.

Ba zan rubuta abin da ya faru a hanya ba. Mai babur ɗin da ya buge yana da rai. Ƙafa ce. An ce zai taka.

Safiyo ko ƙwarzane babu. Yana zaune a falo da takalman daji, laka ta bushe a kai, yana maimaita wa bango, "Ban ga ta inda ya fito ba. Hanya fetal. Ban ga ta inda ya fito ba." Abokin nasa ya ja ni gefe ya ce, "Hajiya, mutumin nan tun daga nesa muke ganinsa. Ta hagu."

Juma'a, da safe

Bai ci ba. Ya je ya duba mai babur, ya dawo, ya ce rana ce ta kashe masa ido. Rana tana bayansu.

Asabar, da hantsi

Na gane kuskurena na ranar Lahadin can. Na ba shi sakamako. Mutumin nan bai taɓa karɓar sakamakon kowa ba. In aka ba shi taswirar da wani ya auna, ko ubangidansa ne, sai ya koma filin ya nemo turken da kansa. Na sha jin sa yana cewa shi ba ya sa hannu a kan awon da bai yi ba.

Na share teburin cin abinci. Na ajiye hoton aure, na ajiye hoton da na ɗauka a asibiti, rula, fensir, farar takarda, da ma'aunina na ƙarfe mai baki biyu. Na ce, "Yallaɓai, zo ka duba mini wani aiki. Ina zargin na yi kuskure."

Wannan kalmar ce ta taso da shi. Ya zauna.

"Ina wurin da ba ya motsi?" Tambayarsa ta farko ke nan.

Na ce tsakanin ƙwayar ido da ƙwayar ido. Ya ce wa ya tabbatar. Na ce ƙashin wurin yana gama girma tun ana yara. Ya yi ƙwafa, ya karɓa. Ya sa na auna nasa a fuskarsa, bai yarda ba, ya je gaban madubi ya auna da kansa. Ya dawo ya fitar da ma'aunin kowane hoto, ya ja layi a ƙasan hanci, ya ja a ƙarshen haɓa. Yatsunsa sun yi wa ma'aunin kauri, sau biyu yana suɓuce masa. Na zauna a kan hannuwana.

Ya yi sau uku, kamar yadda yake wa'azi. Ya koma ya bi lissafin daga ƙarshe zuwa farko. Ya auna faɗin hanci, abin da ban ce ya yi ba. Ya auna kaurin leɓe. Ya daɗe yana kallon angon.

"Awonki daidai ne," ya ce. "Kin ma rage rabin milimita."

"Na yi maka ragi ne."

"Milimita sha biyar da rabi. A fili, in turke ya matsa haka, kotu ake zuwa." Ya shafa haɓarsa kamar ta wani. "An ci mini iyaka ina zaune."

Sai ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalli ƙofar kicin, ya miƙa hannun hagu gefe yana motsa yatsu, yana kawo shi gaba a hankali. Na ga inda ya fara ganin yatsun. Shi ma ya gani. Ya bar hannun a wurin, a sama.

"Kira dogon naki."

Litinin, da rana

An tura shi cikin injin hoton ƙwaƙwalwa. An yi gwajin ido. Sakamakon da'ira biyu ne a takarda, inda mutum ke gani fari, inda ba ya gani baƙi. Ta dama an ɗan gutsure ta a gefe. Ta hagu rabi ce.

Dogo ya fara cewa da an zo a makon da ya ce... Bai ƙarasa ba. Safiyo ya ce, "Faɗi mana, likita, ni ma ina gaya wa mutane sun yi gini a kan hanya."

Ba za a fasa kai ba. Ta hanci ake shiga. Safiyo ya ce to madalla, dama hancin ya ƙara faɗi, an yi musu titi.

Laraba, da yamma

Yaya ta zo da kuka tun daga get. Ta rungume shi, ta yi addu'a, sannan ta juyo kaina.

"Ke likita ce fa. Gida ɗaya, tebur ɗaya. Mutum yana canzawa a gabanki, sai da ya kusa kashe ɗan mutane?"

Safiyo ya ce, "Yaya, ke kika ce sak Baba."

"Ni na yi jami'a?"

Na lura tsakiyar haƙoranta ta karkata dama, wajen milimita uku. Shekara ashirin ban gaya mata ba, ba yau zan fara ba.

Alhamis, da safe

Na soke majiyyata. Hajiya mai milimita ɗaya da rabi ta kira sau biyu.

Litinin, da sassafe

Sun shiga da shi ɗakin tiyata. Ya ba ni agogonsa, wanda aka ƙara wa rami a madauri. Ya ce wa Auta in ya fito da ƙaramin hanci kada ta yi kishi.

Litinin, da hantsi

Benci mai sanyi. Mutumin da ke gabana sulusinsa na tsakiya gajere ne. Matar da ke kusa da shi haɓarta ta karkata hagu. Mai shara fuskarsa daidai take, uku cif, biyar cif, irin wadda ake zanawa a littafi, yana ta goge ƙasa da ita.

Litinin, da azahar

Shiru.

Litinin, bayan la'asar

Ya fito. Yana numfashi ta baki, hanci cike da auduga.

Laraba, da rana

Dogo ya kira ni ofis, ya koma ce mini 'Yar Waya, na ɗan samu numfashi. An cire mafi yawan kumburin. Abin da ya rage, magani zai riƙe shi. Hannuwa da leɓe za su ɗan saɓe, munshari zai ragu, in ina so in koma ɗakina. Ƙashi kuwa ya zauna ke nan. Haɓar nan ita ce haɓarsa.

Na ce idon fa.

Na dama yana dawowa, tun jiya an ga alama. Na hagu, ya ce, "Sai mu jira mu gani." Ni ma likita ce. Na san abin da nake nufi in na ce wa uwa mu jira mu gani.

Tuƙi babu. Daji, ya ce a bar maganar tukuna, kada a gaya masa yanzu. Na ce mutumin da ya auna kansa sau uku, ai ya riga mu sani.

Juma'a, da hantsi

An cire audugar. Na shiga ɗakin yana barci, na ja kujera na zauna inda na saba zama, ta hagunsa. A mota nan nake in direba ne ke ja, a falo nan, a gado nan, a hoton aure nan. Ban taɓa lura ina da gefe ba.

Ya farka. Ya kalli silin, ya kalli ƙofa, ya kalli Auta da ke tsaye a ƙarshen gado.

"Ina mamanki? Ba ta zo ba?"

Auta ta kalle ni. Hannuna yana kan bargonsa, tazarar taƙi ɗaya da kafaɗarsa. Ta buɗe baki, na girgiza mata kai.

Na tashi na ɗauki kujerar. Ƙarfe ce, ta fi yadda na zata nauyi. Na zagaya da ita, na wuce dama ma, na ajiye ta a ƙarshen gado, daidai saitin karan hancinsa, inda nake tsayawa in zan ɗauki majiyyaci hoton gaba.

"Au, Likita. Yanzu kika zo?"

"Yanzu."

"Kin makara. A asibitinki da an ba wani lambarki." Ya taɓa haƙoransa da harshe, iska ta fita da fito. "To wushiryar fa? Ita na zo gyarawa tun farko."

Na ce sai an tabbata ƙashin ya tsaya, wata shida ko shekara. In na sa waya yanzu, aikin banza ne.

Ya ce haka ne, shi ma ba ya kafa turke sai ƙasa ta zauna. Ya lumshe ido, ya sake buɗewa, ya duba ko ina nan.

"Zauna nan ɗin," ya ce. "Kada ki matsa."

Ban matsa ba.